Tambaya da Amsa: Jirgin da Ya Taɓa Ƙasa Ya Sake Tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Kyaftin. Ran Asabar na raka yayana filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, kusa da Jos, sai na ga wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya ya zo sauka. Tayoyinsa sun taɓa kwalta, ya yi tsalle, kawai sai ya ƙara wuta ya koma sama. Gabana ya faɗi. Rashin iya tuƙi ne, ko jirgin ne ya samu matsala? Ɗanka daga Bukuru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, matuƙin nan ya san aikinsa. Da ina wurin, da na nemi mu gaisa.

Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana tunkarar titi da gudun kusan kilomita 120 a awa. Dab da ƙasa matuƙi zai janye totur, ya riƙa ɗaga hancin jirgin a hankali har gudu ya mutu, manyan tayoyin nan biyu su fara zama, sannan ta gaba ta biyo. In gudu ya yi yawa, ko an diro da ƙarfi, sai jirgi ya buga ƙasa ya sake ɗagawa. Tsallen farko da wuya ya yi ɓarna. Abin da hannun matuƙi ya yi bayansa, nan ake samun haɗari.

Ya taɓa faruwa da ni ina ɗalibi. Jirgi ya yi tsalle, zuciyata ta ce in danne shi, na tura sitiyari gaba. Tayar gaba ta riga sauran dukan kwalta, muka sake tashi fiye da na farko, tamkar ƙwallon roba. Malamina ya ce, "Saki, na karɓa," ya cika wuta muka koma sama. Har gobe ina jin dukan nan a ƙashin bayana. Tayar gaba ba a yi ta don ɗaukar nauyin jirgi ba. In aka ci gaba da dannawa, kowane tsalle sai ya fi na baya muni, har ta karye, farfela ta sari ƙasa, wani lokacin ma jirgi ya kife.

Jos kuma tana da nata hali. Filin Heipang ya haura ƙafa 4,000 daga bakin teku, iskar wurin ba ta da kauri. Allurar gudu za ta nuna maka abin da ka saba gani, alhali a kan kwalta jirgin ya ɗara haka da kusan kashi 8 cikin ɗari, in rana ta yi zafi ma ya wuce. Ke nan titi zai fi saurin ƙarewa, injin kuma ba zai ba ka ƙarfin da yake bayarwa a Legas ba. Wanda zai fasa sauka a nan, tilas ya yanke shawara da wuri, ba sai ya hango ƙarshen titi ba. Ga iskar damina da ke bugowa ta gefe tana neman ture jirgi daga tsakiyar titi.

Shi ya sa a makarantun tuƙi, har da ta Zariya da aka kafa a 1964, ake maimaita wa ɗalibi fasa sauka har ya zame masa jiki kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai: cika wuta, gyara hanci, janye faifan fukafuki (ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa lokacin sauka) kaɗan-kaɗan, sannan a sanar da hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage.

In ka sake zuwa Heipang ka ga haka, kada ka kau da kai. Zai kewayo cikin 'yan mintoci, sai ka lura da tayar da ta fara taɓa ƙasa, ka rubuto mini.