Aikin koyarwa a Aceh: abin da za ka tabbatar kafin ka bar Kuala Lumpur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Najeriya ne, na gama digiri na biyu a Maleshiya, takardar zamana ta ɗalibi ta kusa ƙarewa. Wata makarantar addini kusa da Banda Aceh, babban birnin lardin Aceh a Indonesiya, ta ce in zo in koyar da Larabci, in shigo da bizar ziyara, daga baya a gyara mini takardu. Mahaifiyata a Kano ta ce ba inda za ni, ta ji ƙasar yaƙi ce da ambaliyar teku. Me kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a karatun.

Tsoron Hajiya yana da tushe. Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa mai maki 9.1 ta tayar da tsunami, ta kashe sama da mutum 160,000 a Aceh kaɗai. Kafin nan kuma, tun 1976 'yan awaren GAM, masu neman 'yancin Aceh, ke yaƙi da gwamnatin Indonesiya. Amma ka gaya mata an sa hannu a kan sulhu a Helsinki ranar 15 ga Agusta 2005, tsohon shugaban Finland Martti Ahtisaari ne ya shiga tsakani. An ajiye makamai, tsoffin 'yan tawayen sun shiga siyasa, har sun hau kujerar gwamna.

Abin da ya fi damunmu shi ne maganar nan ta "shigo daga baya a gyara". Kada ka yarda. Dokar shige da fice ta Indonesiya mai lamba 6 ta 2011, sashe na 122, ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyar da tarar da za ta kai rupiya miliyan 500 ga baƙon da ya yi abin da bizarsa ba ta ba shi izini ba. Tsayawa gaban allo a aji aiki ne, ko da ba a fara biyanka ba. Idan kuma kwanakinka suka wuce, tarar rupiya miliyan ɗaya ce kowace rana, bayan kwana 60 sai kora da hana shiga ƙasar.

Ga yadda ake yi a bisa ƙa'ida. Makarantar ce za ta tsaya maka a matsayin penjamin, wato mai lamuni. Ita za ta nemo RPTKA, amincewar ma'aikatar ƙwadago cewa makarantar ta ɗauki baƙo a wannan gurbi, sannan a nemi bizar aiki, ka shiga da ita a ba ka KITAS, wato katin izinin zama na ƙayyadadden lokaci. Ka ce su turo maka kwafin RPTKA mai ɗauke da sunan makarantar da gurbin aikin. In suka fara kwana-kwana, mai yiwuwa ba su taɓa ɗaukar baƙo ba, ko ba su da rajistar da za ta ba su dama. Sau da yawa ba mugunta ba ce, rashin sani ne, amma kai za a kama.

Akwai kuma matsalar fasfo. An daɗe da sa Najeriya a jerin ƙasashen "calling visa", waɗanda sai hukumomi a Jakarta sun tantance mutum kafin a ba shi biza, ba a ba su a filin jirgi. Wannan yana cin lokaci. Ka je ofishin jakadancin Indonesiya da ke Kuala Lumpur ka tabbatar da matsayin yanzu tun takardarka ta Maleshiya tana aiki, don in ta mutu kana jira ka shiga wata matsalar. Ka sabunta fasfo idan bai da sauran kwanakin da za su rufe kwantiragin, domin ofishin jakadancin Najeriya yana can Jakarta, tafiyar kusan awa uku a jirgi. Kuma kada ka riƙe wa kowa ƙunshi: Indonesiya ta zartar da hukuncin kisa a kan 'yan Najeriya saboda ƙwaya a 2015 da 2016.

Zaman garin ba zai yi maka baƙunta sosai ba. Ana aiki da shari'a, suna da Hisbarsu mai suna Wilayatul Hisbah, ana yin bulala a kan caca da giya da keɓewa da macen da ba muharrama ba. Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana Bisimilla. Ka yi koyarwarka, ka bar jan muhawarar mazhaba da ɗariƙa, malaman yankin ba sa ɗaukarta da wasa. Bankunan lardin duk na Musulunci ne tun 2021, katin waje yakan ƙi aiki a wasu injinan, don haka ka shiga da rupiya a hannu.

Teku kuwa tana nan yadda take. Idan ka je unguwar Punge za ka ga PLTD Apung, jirgin ruwa mai nauyin tan 2,600 da igiyar ta ɗauko ta dire a tsakiyar gidaje, nesa da gaɓa. Ranar da ka sauka ka nemi a nuna maka ginin mafaka ko tudu mafi kusa da masaukinka. In ƙasa ta girgiza har ka kasa tsayuwa, ko ka ga ruwa ya janye daga gaɓa, kada ka jira jiniya, ka nufi tudu da ƙafa, don hanya takan cushe da motoci da babura. Ka sa manhajar BMKG, hukumar yanayi da girgizar ƙasa ta Indonesiya, a waya.

Aceh tana gaban Kano da awa shida, bayan isha'inka ita ce azahar ɗin Hajiya. Ka tsayar da ranar kira a kowane mako, ka bar wa wani babba a gida kwafin fasfo da kwantiragi da lambar penjamin.