Muna Ɗaki Ɗaya, Hankalinsa Na Cikin Waya: Jaraba Ce Ko Sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekararmu 12 da aure. A da idan maigidana ya dawo daga aiki mukan zauna mu yi hira, amma yanzu da zarar ya zauna sai ya ciro waya, idan na yi masa magana ya amsa da ka ba tare da ya ɗago ido ba, wani lokaci sai na maimaita sau uku. Babbar 'yarmu mai shekara 10 ta fara kwaikwayonsa. Da na yi ƙorafi sai ya ce ai ni ma haka nake yi. Shin wannan jaraba ce da ke buƙatar magani, ko kuwa ya gaji da mu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da ƙarshen tambayarki domin na san shi ne ya fi ci miki rai. Abin da kika bayyana bai isa ya zama shaidar cewa maigidanki ya gaji da ku ba, kuma da wuya ya kai matsayin cuta. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022 ya amince da jarabar wasannin bidiyo a matsayin larura, amma bai sanya yawan latsa waya a wannan sahu ba. Ko a jarabar wasannin ma, ba a cewa mutum ya kamu sai ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan sauran lamuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da yake jawo masa, galibi har tsawon shekara guda. Abin da ke damun akasarin mutane sabo ne mai ƙarfi, kuma sabo ne da aka gina shi da gangan.

Wannan babbar waya ba ta daɗe a hannun mutane ba. A 2007 aka fito da iPhone, wayar Android ta farko kuma ta biyo baya a 2008. Amma ilimin da manhajojinta suka dogara da shi wajen riƙe mutum ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun tsakiyar ƙarni na 20 masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna cewa tantabarar da ake ba tsaba jefi-jefi, ba tare da ta san sa'ad da za ta samu ba, ta fi nacin caccakar maɓalli a kan wadda ke samu a duk lokacin da ta caccaka. Haka waya take yi da mu. Mutum zai duba sau tara bai ga abin kirki ba, a na goma ya tarar da saƙon da ya faranta masa rai, kuma wannan na goman ne yake sa hannu ya koma aljihu tun kafin tunani ya yanke shawara. Sai aka ƙara da shafin da ba ya ƙarewa, wanda ake ta ja sama sabon abu yana ɓullowa. Aza Raskin, wanda ake danganta wa wannan ƙirƙira ta 2006, ya fito daga baya ya nuna nadamarsa. Jarida tana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da lokacin sallama, wannan kuwa an cire masa wurin tsayawa.

Sai dai a ganina babban sauyin da waya ta kawo a zamantakewa ba yawan sa'o'in da take ci ba ne. Ta sauya wanda ake fara saurara. A da wanda ke gabanka shi ne mai haƙƙin farko a kan hankalinka, na nesa kuwa ya jira har wasiƙa ta isa ko a haɗu. Yanzu abin ya juye. Ki duba abin da ke faruwa tun da WhatsApp ya kawo shuɗayen alamomin nan guda biyu a 2014. Abokin aiki ya turo wa maigidanki saƙo, ya buɗe, alamomin suka rikiɗe zuwa shuɗi a wayar wancan, daga nan kuma duk daƙiƙar da ta wuce ba amsa ta zama bashi a wuyansa, domin wancan ya san an karanta. Ke da kike zaune a gefensa ba ki da alamar da za ta nuna tsawon lokacin da maganarki ta yi tana jiran amsa, ya kuma tabbata a ransa cewa bayan minti biyar ma kina nan. Saboda haka yake jinkirta ki, ya gaggauta wa na nesa. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ba lallai ne raini ne a zuciyarsa ba, amma wanda aka yi wa, raini yake ji, shi ya sa ban ɗauki ƙorafinki da wasa ba.

An gwada wannan a aikace. A wani bincike da masana na Jami'ar British Columbia da ke Kanada suka wallafa a 2018, an sa mutane fiye da 300 sun fita cin abinci da 'yan'uwa ko abokai, wasu aka ce su ajiye waya a kan tebur, wasu kuma su ɓoye ta. Waɗanda wayarsu ke kan tebur sun ce hankalinsu ya fi rabuwa, kuma ba su ji daɗin zaman kamar sauran ba. Bambancin ba mai girma ba ne, amma ki tuna zama ɗaya aka auna, ku kuwa kullum kuke zama. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, wadda ta shafe shekaru tana bin yadda mutane ke aiki da na'ura, ta gano cewa a 2004 mutum kan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a allo kafin ya koma wani, a shekarun baya-bayan nan kuwa lokacin ya ragu zuwa kimanin daƙiƙa 47. Wanda ya yini yana tsalle-tsalle irin wannan, idan ya dawo gida sai hira ta yi masa nauyi, domin hira tana da jinkiri da shiru da maimaici, kuma ba a jan mutum sama a wuce shi.

Batun 'yarku ya fi buƙatar kulawa, amma ba da firgici ba. Nazarin da Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford suka yi a 2019 kan bayanan dubban ɗaruruwan matasa ya nuna cewa alaƙar yawan amfani da na'urori da walwalar matashi 'yar ƙarama ce, ba ta wuce kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ke tsakaninsu ba, ko da yake akwai masanan da ke ganin illar ta fi haka, musamman ga 'yan mata. Abin da ya kamata ki tambayi kanki shi ne me wayar ta ture ta zauna a wurinsa. Idan barci ta ture, ko karatu, ko wasa da sa'o'inta, to akwai gyara. Yaro kuma da ido yake koyo, ba da kunne ba. Idan yana ganin ana amsa wa uwarsa da ka ana kallon allo, zai ɗauka haka ake yi wa mutanen gida.

Wannan ya kawo mu kan maganarsa cewa ke ma haka kike yi. Kada ki yi saurin musantawa, domin laifi tudu ne, kuma bincike ya sha nuna cewa mutane ba sa ƙiyasta lokacin da suke ɓatawa a waya daidai. Tun 2018 Apple da Google suka sanya wa wayoyi wani sashe da ke nuna sa'o'in da aka yi a kowace manhaja. Ku buɗe shi tare, ki fara nuna naki, domin idan kika fara da nasa zancen zai koma shari'a. Daga nan kada ki nemi ya rage waya gaba ɗaya, wannan alkawari ne da ba shi da iyaka, ba a kuma iya cika shi. Ki nemi lokaci takamaimai, misali sa'a guda bayan dawowarsa, wayoyinku duka biyu suna wani ɗaki a jikin caji. Wani ɗaki na ce, ba aljihu ba, kuma ba a kife a gefe ba, domin nisan taku goma ya fi ƙarfin niyya aiki. Ya kashe sanarwar zaurukan hira da ta kafafen sada zumunta, ya bar kira kawai, saboda mai larurar gaske kira yake yi. Kwanakin farko za ku ji shiru ya yi yawa, har wani ya riƙa laluben aljihu babu komai a ciki. Wannan sabo ne yake neman abin da ya saba, kuma yakan lafa.

Idan kun gwada haka na 'yan makonni ya kasa, ko kika lura yana raba dare a kan waya har aikinsa ya fara taɓuwa, ko yana fusata matuƙa idan an raba shi da ita, ko ya janye daga mutane gaba ɗaya, to ku ga likita ko masanin halayyar ɗan Adam. A irin wannan yanayi sau da yawa wayar mafaka ce kawai, abin da ake guje wa kuwa damuwa ce, ko matsin aiki, ko bashi, ko wata magana tsakaninku da ba a samu bakin faɗa ba, kuma abin da ake guje wa ɗin ne likitan zai fara nema.