Abba, kar ka canza sawunkad ɗin nan, lafiyarta ƙalau

Wa alaikumus salam Abba. Na saurari rikodin ɗin da ka turo min ta WhatsApp har sau uku. Ka ce ɗakin da ka mayar situdiyo a gidanku na Gyadi-Gyadi da ka kunna sifika sai wani huuum ya taso ƙasa-ƙasa ba ya tsayawa, in ka zo taɓa mayik kuma ta yi ƙas ta ɗan ja ka, wai ko ka kai sawunkad ɗin, wato akwatin nan da ke haɗa mayik da sifiku da laftof, Sabon Gari ka canzo wata. Kar ka kai ta ko'ina, kuɗinka kawai za ka zubar. Ciwo biyu ne a ɗakin nan, kuma duka biyun hanyarsu ta bi ta atin, wato wayar da ke sauke wutar da ta ɓace hanya zuwa sandar ƙarfe da aka binne a ƙasa.

Wancan gurnanin muryar wuta ce da kanta. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ne kake ji in ta samu ƙofar shiga layin sauti. Ƙofar kuwa yawanci ita ce ka jona laftof a soket ɗin bakin ƙofa, sifiku a na bayan labule, sannan wayar sauti ta haɗa su, to ɗan bambancin da ke tsakanin atin ɗin soket biyun sai ya riƙa bi ta jikin wayar yana zagaye. Gwada yanzun nan, bar komai a kunne ka zare cajar laftof ta koma kan batir. In ƙarar ta ɗauke ɗif ka kama ɓarawon. In ba ta ɗauke ba ci gaba da zare kaya ɗaya bayan ɗaya kana saurare, kar ka zare biyu lokaci guda. Daga nan ka tara laftof da sifiku da komai na sauti a ekstenshan ɗaya, soket ɗaya, firij da fanka su nemi wani wurin.

Amma fa ekstenshan ɗin ma sai ka zare shi ka kwance bayansa ka duba, don da yawa masu arahar nan baki uku ne a waje, a ciki waya biyu ce kacal. Na taɓa yini cur a wani situdiyo wajen Zoo Road, mai wurin ya canza mayik ya canza sifika ƙara na nan, da La'asar na ɓalle soket sai ga wayar atin, mai kore da rawaya ɗin nan, a naɗe a bayan akwati ko taƙi ɗaya ba ta kai ba, ba ta je ko'ina ba. Wallahi ranar raina ya ɓaci, don ba sauti kaɗai ba, ran mutane ne a ɗakin.

Shi kuma ƙas ɗin da kake ji, wannan aikin hunturu ne. Iska ta bushe ƙayau, ga kafet na roba a ƙasa ga rigar sanyi ga silifas, kana tafiya jikinka yana tara caji kamar yadda bargo ke tartsatsi da daddare, da ka taɓa ƙarfen mayik sai ya sauke gaba ɗaya. Ka naɗe kafet ɗin ka shimfiɗa tabarma, ka riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma kafin aiki, kuma ka saba taɓa ƙarfen taga kafin ka taɓa kaya. Kar dai ka fesa ruwa kusa da mayik. Ka lura kuma, na hunturu sau ɗaya yake ja ya wuce. In kuwa kana jin zirrr muddin hannunka na kan ƙarfen, wannan wuta ce ke yoyo, kashe komai ka kira ni.

Ranin nan ma yana taɓa sandar atin ɗin da aka binne, ƙasa in ta bushe ba ta karɓar wuta sosai. Shi ya sa muke zuba gawayi da gishiri a ramin, ko da yake gishirin yana cin sandar a hankali, sai ana dubawa ana ɗan ba ta ruwa.

Wayoyinka kuma, mayik ta zauna a kan wayar XLR, mai kai da ƙafa uku ɗin nan, zuwa sifika ka nemi jak mai zobe biyu baƙaƙe, mai zobe ɗaya na jita ne yana kwasar ƙara. Kar ka ɗaure wayar wuta da ta sauti wuri ɗaya, in dole su haɗu su gitta juna. Wayar hannunka ka ajiye ta nesa. In kuma ƙarar zzzz ce mai kaifi sai kun koma inbata take zuwa, to inbatar ce ba mai tsaftatacciyar wuta ba.

Dan Allah Abba, akwai wanda zai ce maka ka karya doguwar ƙafar filogi ta sama ƙara ta ɗauke. Tana iya ɗaukewa kam, amma ranar da wuta ta taɓa jikin sifika ko miksa ba ta da hanyar zuwa ƙasa sai ta jikin mai riƙe da mayik, leɓensa a kan ƙarfe. Ban yarda ba ko da wasa. In abin ya ƙi, akwai ɗan akwatin da ake sa wa a layin sauti, ana ce masa DI, mai maɓallin ɗage atin, shi atin ɗin layin sauti kawai yake rabawa, na wuta yana nan daram.

Awon soket da mita kar ka yi kai kaɗai, sai ina tsaye. Asabar bayan Azahar zan biyo in sha Allah, ka gaishe min da Baba, ka kuma tambaye shi inda aka binne sandar lokacin da aka yi wayarin gidan.