Texture mai 640 da 480: rectangle ko non_power_of_two?

Tambaya: Malam, ina koyon OpenGL a nan Gombe. Hotona faɗinsa 640 ne, tsawonsa 480. Na ga ARB_texture_rectangle, na kuma ga ARB_texture_non_power_of_two. Ba aiki ɗaya suke yi ba? Sannan a wayata hoton baƙi ƙirin yake fitowa.

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar da suka zo warwarewa ɗaya ce, amma halinsu ya bambanta. A da OpenGL ba ya karɓar texture (hoton da ake shimfiɗawa a kan abin da ake zanawa) sai faɗi da tsawo sun kasance irin 128, 256, 512. Dole ka cusa hotonka cikin 1024 da 512, ka ci bayit 2,097,152 a RGBA (bayit huɗu ga kowane pixel) maimakon 1,228,800.

Rectangle ya zo da nasa mazauni, GL_TEXTURE_RECTANGLE. A nan da pixel ake auna wuri: tsakiyar hotonka 320 da 240 ce, ba 0.5 ba. Babu mipmap (jerin ƙananan kwafin hoton), babu GL_REPEAT (maimaita hoton), kuma a shader (ƙaramin shirin da ke tsara yadda ake zana hoton) sai sampler2DRect. Ya dace da firam ɗin bidiyo da za a shimfiɗa yadda yake. Ka bar lambobinka tsakanin 0 da 1 a kansa, pixel ɗaya na kusurwa ne zai cika fuskar gaba ɗaya.

Shi kuwa non_power_of_two bai ƙara komai ba, ƙa'idar kawai ya ɗage daga GL_TEXTURE_2D, kuma ya shiga OpenGL 2.0 tun 2004. Mipmap na aiki, ana raba biyu a zubar da rara: 20 da 15 ya koma 10 da 7. Non_power_of_two ɗin nake ba ka shawara ka riƙe. Rectangle a yau kusan sai a tsohon aiki.

Baƙin hoton wayarka daga OpenGL ES 2.0 (OpenGL na waya) yake, haka ma WebGL 1 (na burauza). Suna karɓar irin girman nan ne da sharaɗi: GL_CLAMP_TO_EDGE a S da T (wato ta faɗi da ta tsawo), sannan GL_TEXTURE_MIN_FILTER ya zama GL_LINEAR ko GL_NEAREST. Filter ɗin da yake kai tun asali mipmap yake nema, shi ya sa baƙin. ES 3.0 ya cire sharaɗin.

Idan kuma hoton RGB ya fito a karkace, duba GL_UNPACK_ALIGNMENT. Yana kan 4, alhali layi mai pixel 150 bayit 450 ne, 4 ba ta raba shi. Mayar da shi 1 kafin ka kira glTexImage2D.