Ziyarar Füssen: Me Baƙo Zai Gani?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Jamus ya gayyace ni garin Füssen. Me ya kamata in gani a can? Daga wani uba, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Füssen ƙaramin gari ne a jihar Bavariya, a gindin tsaunukan Alps, daf da iyakar Ostiriya, kuma tafiyar kusan awa 2 ce a jirgin ƙasa daga Munich. Abin da ya fi jan baƙi shi ne fadar Neuschwanstein, wadda Sarki Ludwig na Biyu ya fara ginawa a 1869 bisa wani tsauni, kuma wanda ya saba ganin fadar Sarkin Damagaram kusa da duwatsun Birni zai so ya kwatanta su. A sayi tikiti tun da wuri, domin ana shiga ne rukuni-rukuni a lokacin da aka ƙayyade, kuma hawan yana gajiyar da dattijo, gara ka hau keken doki.

Ni dai na fi son tafkin Forggensee, inda ake yawo a jirgin ruwa da kekuna, amma ka je tsakanin Yuni da Satumba, saboda ana rage ruwansa a lokacin sanyi. Ka riƙe rigar sanyi ko da rana ta fito.