Amsa: hoton Stanley Anderson da aka samu a shagon tsofaffin kaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka kan ɗan hoton baƙi da fari da ka saya a shagon tsofaffin kaya a nan Ingila, na wani dattijo yana gyaran shingen gona, da sa hannun Stanley Anderson da fensir a ƙasa. Kana so ka san ko na asali ne, nawa zai yi, kuma ko ka goge ɗigo-ɗigon ruwan kasa da suka fito a takardar. Ta ƙarshen zan fara amsawa don ita ce mai gaggawa: kada ka taɓa shi da komai, ko ruwa, ko roba, ko tsumma.

Na daɗe ina aiki a shagon sa wa hotuna firam, irin waɗannan takardu da dama sun bi ta hannuna. Abin da na lura, mutane sunan suke fara nema a intanet, alhali amsar tana jikin takardar da ke hannunsu.

Mutumin kam sananne ne. An haife shi a Bristol a 1884, ya rasu a 1966. Mahaifinsa mai sassaƙa tambari da rubutu ne a jikin ƙarfe, a wurinsa ya yi shekara 7 yana koyon sana'ar tun yana ɗan shekara 15, kafin ya sami tallafin karatu ya tafi Landan wajen Frank Short a Royal College of Art. Daga 1925 shi ma ya koyar a kwalejin Goldsmiths da ke Landan, lokacin mai zane Graham Sutherland yana ɗalibi a can. Ayyukansa na farko na birni ne: gine-ginen da ake rushewa, marasa aikin yi, talakawan da ke fakewa a ɗakin karatu. A 1933 ya sayi gida a ƙauyen Towersey kusa da Thame, daga nan hankalinsa ya koma kan masu sana'ar hannu na karkara, irin su maƙeri, mai saƙar kwando, mai ɗinkin sirdi, mai baibayar ɗaki da mai gyaran shinge. Shekara 20 yana wannan jeri, har ciwon jijiyar hannun dama ya tsayar da shi a 1953. Ya zama cikakken ɗan Royal Academy, ƙungiyar manyan masu zane ta Birtaniya, a 1941, aka ba shi lambar girmamawa ta CBE a 1951. In naka na gaske ne, cikin wannan jerin yake, kuma su masu tarawa suka fi nema.

To, yadda za ka gane. Ka juya firam ɗin, ka ɗaga ƙananan ƙusoshin a hankali, ka fito da takardar da hannu mai tsabta, ka ɗora a tebur kusa da taga yadda haske zai zo ta gefe. Ana yin irin wannan hoto ne a farantin jan ƙarfe. A jerin masu sana'a Anderson bai dogara da asid ba wajen fitar da layukan a jikin farantin. Da wani ɗan kurfi mai tsinin baki yake tura kowane layi da ƙarfin tafin hannunsa. Sai a cusa tawada a ramukan, a share saman, a jiƙa takarda, a bi da su ta injin matsi. Shi ya sa za ka ga shatar faranti ta lotsa a zagayen hoton, kusurwa huɗu. Tawadar kuma ba kwance take ba, ta ɗan taso, inda layi ya yi kauri hasken gefe zai nuna maka tudunsa.

Sannan ka samo gilashin ƙara girma, ko ka ja kyamarar waya kusa, ka duba hannun dattijon da bakin addarsa. Layin kurfi yakan fara siriri, ya kumbura a tsakiya, ya ƙare da tsini kamar ƙwayar sha'ir. Layin da asid ya ci kuwa kaurinsa kusan ɗaya ne, bakinsa a dakushe. In ƙananan ɗigogi ka gani a jere cikin tsari, wannan bugun inji ne da aka yanko daga littafi ko kalanda, kuɗin firam kawai ka biya. Shatar faranti ita kaɗai ba hujja ba ce, don na sha ganin kwafi da aka danna wa shata da gangan. Sai ta haɗu da tudun tawada da siffar layi.

Akwai wasu alamu nasa. A ayyukan wannan lokaci yakan sa ɗan tambari mai kusurwa uku da haruffan sunansa a cikin hoton kansa. Da hannunsa yake buga kwafinsa, kuma a gefen takarda yakan rubuta sunan hoton da adadin da aka buga, irin 50 ko 60. Sa hannun fensir na gaske yana ɗan sheƙi in ka karkata takardar. A 2015 Royal Academy ta baje kolin ayyukansa, Robert Meyrick da Harry Heuser suka fitar da kundin da ya jera su duka da awonsu. Ka auna shatar da rula ka gwada da abin da ke ciki; in ya bambanta da yawa, da sake.

Batun kuɗi, kada ka sa rai da yawa. Waɗanda na gani a gwanjo yawanci ɗaruruwan fam suke yi, mai kyau sosai ya ɗan haura. Kuma ni ba na ba kowa shawarar ya tara irin waɗannan don riba. A shekarun 1920 Turawa sun yi haka, suna sayen bugun su Muirhead Bone da D. Y. Cameron suna ɓoyewa a durowa, kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi a 1929, farashin ya bi ta, wasu har yau bai dawo ba. Abin da ke rage kuɗin hoto sananne ne: an datse gefen takarda, an manne ta da gam a jikin kwali, ko tsohon kwalin firam ya bar mata zoben rawaya.

Ɗigon da ka ambata damshi ne ke kawo shi, kuma masu gyaran tsohuwar takarda suna iya rage shi. Sai dai ka tambayi kuɗin aikin tukuna, don wani lokaci ya fi kuɗin hoton. In ɗigon yana gefe ne bai shiga cikin zanen ba, ni da zan bar shi, in canza kwalin da marar asid, in rataye shi nesa da rana, da bangon kicin ko na banɗaki.

Ka turo mana hoton gaba da baya, da na kusurwar ƙasa inda sa hannun yake, a hasken taga ba da filashi ba.