Amsa kan ƙauyen Roquefort da yawan mutanensa

Assalamu alaikum. Malam, na saurari tambayarka, kuma na fahimci abin da ke damunka shi ne yadda ƙauye kamar Roquefort, wanda mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba, zai samu magajin gari, kuma sunan ƙauyen ya zagaye duniya saboda cukunsa. A Faransa wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙasar tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, kowace da magajin garinta, kuma kusan rabinsu mutanen cikinsu ba su kai 500 ba.

Roquefort yana kudancin ƙasar, a yankin Aveyron, manne da gindin dutsen Combalou. Tun zamanin da wani ɓangare na dutsen ya rufta, sai ya bar koguna da tsage-tsage waɗanda iska mai sanyi da laima ke ratsawa rani da damina, kuma a cikinsu ake jera cukun madarar tumaki a kan katako har fumfuna mai launin shuɗi ta kama shi. Garin siriri ne, ba shi da filin faɗaɗa, shi ya sa da yawa daga ma'aikatan cukun suke kwana a garuruwan da ke kusa, Saint-Affrique ko Millau. Madarar ma daga gonakin kewaye take zuwa, daga tumakin da ake kira Lacaune.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne na shekarar 1999, lokacin da Amurka ta ɗora wa wannan cuku harajin kashi 100 cikin 100 saboda Turai ta ƙi karɓar naman shanunta da ake bai wa sinadarin ƙara girma. Me ya haɗa makiyayin tumaki da rigimar naman shanu? A kan haka José Bové, wanda shi ma makiyayi ne a tudun Larzac, ya jagoranci manoma suka wargaza ginin gidan cin abincin Amurka na McDonald's da ake yi a Millau, daga baya aka ɗaure shi.

In koma kan tambayarka, Malam, ƙidaya masu kwana a ƙauyen kawai take lissafawa. Wata dokar Faransa ta shekarar 1925 ta kare sunan cukun, kuma duk wanda bai nuna a kogunan nan ba ba a yarda a kira shi Roquefort ba, saboda haka makiyayan yankin gaba ɗaya da wannan ɗan ƙauyen suka dogara.